Ƙwallo Mai Ribas

Man kaɗanya na shafa wa sandar. Gara in faɗa da bakina tun yanzu, don a unguwarmu ba a rasa mai riga mutum ba da labarin wautarsa. Na lakato shi daga ƙoƙon kakata, na damɓara a kan sandar, na bi 'yan layukan nan da aka tsattsaga a fuskar ƙarfen na cike su tsaf da yatsa, sannan na goge da tsumma har tana ɗaukar ido. A ganina gata na yi mata. A gidanmu duk abin da ya tsufa man kaɗanya ake shafa masa: takalmin zuwa coci, sarƙar keke, gwiwar Kaka. To me zai sa a ware sandar golf?

Amma bari in fara da Kaka, in ba haka ba ba za a gane abin da ya kai ni ƙarƙashin gadonsa ba.

Kakana tsohon soja ne. Wannan ba wani abin mamaki ba ne a Zuru, inda in ka tsaya bakin kasuwa ka ƙwala "Saje!" mutum goma za su waiwayo, biyu su ƙame. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne, yana ƙaramin soja aka haɗa shi da wani hafsa a Jos, hafsan kuwa mayen golf ne, wasan nan da 'yan rediyo ke kira ƙwallon lambu, wanda manya ke bugun 'yar farar ƙwallo da sanda mai kan ƙarfe, su bi ta a ƙafa har su jefa ta rami. Kaka ya daɗe yana saɓa wa ogan jakar sanduna. In ogan ya shiga shan lemo shi ma sai ya saci bugu, har hannunsa ya faɗa. Da za su rabu ogan ya ba shi gajerun sanduna biyu da 'yan ƙwallaye a cikin safar soja. Ɗaya an buga mata lamba tara a gindi. Ɗayar kanta ya fi kwanciya, Kaka na kiranta shebur.

Labari ɗaya ya fi so a duk labaran Jos. Wai a filin can, inda ciyawa take kwance lif kamar bargo, in gwani ya bugi ƙwallo da gajeriyar sanda, sai ta tashi, ta sauko, ta yi ɗan tsalle gaba, ta tsaya kamar wadda ta manta wani abu a gida, sannan ta komo da baya wajen wanda ya buge ta.

Mai ƙaryata shi kuwa mutum ɗaya ne, Baba Kofur. Abokinsa ne tun suna kurata, Bakabe ne da ya yi ritaya ya ƙi komawa gida, yana sayar da albasa. Kullum da la'asar su biyun suna majalisar tsofaffin sojoji a gindin mangwaro, gaban mai shayi.

"Ƙwallo da ribas?" in ji Baba Kofur. "Saje, tirela ce? Tana da yaron mota mai ce mata taho-taho?"

"Kai me ka sani? Duk aikin sojanka a kicin ka yi shi."

"Awo, a kicin. Kuma ban taɓa ganin dankali ya hwaɗi ƙasa ya komo tukunya da kainai ba."

Sun yi wannan musu a gidan biki, sun yi shi a layin fansho, an ce har a gidan makoki sun taɓa yin sa ƙasa-ƙasa. Da aka buɗe gidan kallon ƙwallo a bakin tasha, wata rana kafin a fara wasa mai gidan yana canza tasha sai ga golf. Kafin 'yan kallo su cinye shi ɗanye ya mayar, na ga wani Bature ya buga, ƙwallo ta sauka ta ja da baya kamar an ɗaura mata zare. Da gudu na isa majalisa, har takalmina ɗaya ya tsaya a hanya. Baba Kofur ko gezau.

"A talabijin? Yaro, a talabijin na ga mutum ya hito daga ruwa da baya ya koma bisa dutse, rigarsa a bushe. Kaset ne suka maido."

Sai ga shi a bazarar shekarar da nake aji uku ciwo ya taɓa Kaka. Ɓarinsa na dama ya yi sanyi. An kwana biyu a asibiti, ya tashi, ya dawo gida da ƙafarsa, amma hannun bai dawo daidai ba, kuma wani lokaci kalma kan ɓace masa a tsakiyar magana, ya tsaya yana lalube kamar mai neman ashana a duhu. A gida aka fara yi masa magana da ƙarfi a hankali, kamar kurma. Ana yanke shawara a gabansa ba a tambaye shi ba.

Ranar da ya koma majalisa ni na riƙe masa kujera. Aka yi murna, aka kawo shayi. Hira ta yi hira, sai ya ɗauko labarin Jos. Ya zo daidai wurin da ƙwallo ke komowa, ya dubi abokinsa yana jira. Ni ma ina jira. Mai shayi ma ya dakata da gwangwani a sama.

Baba Kofur ya dafa masa gwiwa. Ya ce, "Haka ne, Saje. Haka ne. Tana komowa."

Muryar da ake lallashin yaro ya sha magani, da ita ya faɗa. Da na koma ɗauko kofin Kaka na ji yana ce wa na kusa da shi, "Ku bar shi. Ciwon ya taɓa kai, mahwalki da gaskiya sun haɗe mashi." Ban sani ba ko Kaka ya ji. Abin da na sani, washegari la'asar ta yi ya ce ƙafarsa na ciwo. Jibi ma haka. Daga nan ya daina ma ba da dalili, sai ya zauna a ƙofar ɗaki yana kallon kaji.

Shi ya sa na shiga ƙarƙashin gadonsa ranar da aka tafi da shi ganin likita. Na jawo sandunan, na ga tsatsa ta fara cin su, na yi musu abin da na faɗa a farko. Da ya dawo na tsaya gabansa da shebur a kafaɗa.

"Kurtu," haka yake kirana, "mayar da ita inda ka ɗauko."

"Kaka, ai ni ma na san ƙarya ce. So nake in gwada don in huta da tunani."

Ya ɗago kai a hankali. Rabon da in ga idon nan tun kafin ciwo.

"Me ka ce?"

"Na ce ƙwallo ba ta ribas."

"Ɗauko kujerata," in ji shi. "Ɗan banza mai kunnen zomo."

Bayan gidanmu akwai fili mai tsakuwa kafin a kai gona, daga can sai duwatsu. Nan muka kafa bariki. Kaka ya zauna nesa a inuwa, hannun dama a cinya. Ya ƙi taɓa sandar ko da yatsa, ni kuma ban tambaye shi dalili ba. Da baki ya nuna mini riƙo da tsayuwa, sannan ya ce in buga ta tashi.

To ni hankalina ya ba ni cewa duk abin da ake so ya tashi sama ta ƙasa ake tallafo shi, kamar yadda ake kwasar tuwo da mara. Sai in jingina baya, in zura kan sandar ƙarƙashin ƙwallo in yi sama da ita. Wani bugun in daki ƙasa tun kafin in kai ga ƙwallon, ta mirgina ɗan kaɗan ta tsaya tana kallona. Wani bugun kuma bakin ƙarfen ya same ta a ciki, ta fita a ƙasa-ƙasa kamar harsashi. Kadangarun unguwar duk suka yi hijira zuwa Dabai. Ɗaya daga irin waɗannan ta ɓula zanan maƙwabciyarmu mai dafa burukutu, muka ji "culum!" Matar ta fito da ludayi a hannu ta wanke ni da zagi cikin yaren C'lela, ta koma Hausa, da Hausar ta ƙare mata ta ara daga Turanci. Daga baya masu sha suka ce tukunyar ranar ta fi kowacce daɗi, amma wannan bai hana ni cika mata randuna har sati ya zagayo ba.

Kaka ya san abin da nake yi ba daidai ba, amma kalmar da zai gyara ni da ita ta ɓace masa.

"Ba haka ba! Ka... ka..." Sai ya ɗaga hannun hagu ya sauke da ƙarfi. "Ka yi mata... kai!"

"In ɗaga?"

"A'a!"

"In ƙara ƙarfi?"

Sai ya juya kai gefe. Har na fara tunanin ko na ƙara masa ciwo ne maimakon in rage.

Ruwa ya sauka sosai, aka fita shuka. Kowa a gidan ya tafi gona, har Kaka, wanda aka ajiye a gindin ɗorawa wai ya yi gadin tulun ruwa. Ni ke gaba da sungumi, ƙannena na biye suna jefa iri suna rufewa da diddige. Aikin da nake yi tun ban fi sungumin tsawo ba, ko tunani ba na yi: taku, sauke, ƙasa ta buɗe, taku, sauke. Ina tsakiyar kunya sai na ji ihu daga gindin ɗorawa, irin wanda ya sa kakata ta zubar da ƙwaryar iri.

"Sara! Kurtu, sara! Sare ta!"

Muka ruga, mun zaci maciji ne. Muka tarar da shi tsaye, ba sanda ba kowa, yana dariya har da hawaye.

"Kalmar ke nan. Sara. Yadda kake saran shuka, haka za ka yi wa ƙwallo. Daga sama zuwa ƙasa."

Kakata ta ce, "Saboda wannan ka sa na zubar da dawa?" Ta ƙara da wata kalma da ba zan rubuta ba.

Da yamma ya yi mini bayani, kuma ranar kalmomi suka yi ta zuwa masa kamar an buɗe famfo. Ya ce ɗaga ƙwallo ba aikina ba ne, aikin sandar ne, don haka aka kwantar mata da kai. Nawa shi ne in ɗora nauyina a ƙafar hagu, hannuwana su riga kan sandar isa, in sari ƙwallon tukuna sannan ƙasa. In na yi daidai, ɓawon ƙasa zai tashi a gaban inda ƙwallon take, ba a bayanta ba.

Na ce, "Kaka, in na sare ta ƙasa ai binne ta zan yi. Sai dai mu dawo da kaka mu girbe ƙwallaye."

"Sara dai, sarkin surutu."

Na sara. Wani sauti ya fito da ban taɓa ji ba, "tas!", a hannu kuma ban ji komai ba, kamar iska na buga. Na duba ƙasa ba ƙwallo. Na duba sama, ga ta can tana gaisawa da shirwa. Na rantse ta daɗe a sama har na fara jin yunwa.

Daga nan Kaka ya raba mini bugu gida biyu, ya ba su sunayen tsuntsaye. Akwai shaho: ƙwallo ta matso wajen ƙafar hagu, a ɗan buɗe fuskar sandar ta kalli sama, a sake hannu har ya ƙare a bayan kunne. Wannan tana hawa can ƙololuwa ta faɗo a tsaye, da ita nake tsallake ɗorawa. Akwai kuma zabo: ƙwallo ta koma wajen ƙafar dama, hannu ya yi gaba, ba a ɗaga sanda har ƙarshe, bayan an sara kuma a tsayar da hannu daidai ƙirji. Wannan tana fita ƙasa-ƙasa da fushi, iska ba ta wasa da ita, har ta ƙarƙashin igiyar shanya nakan wuce da ita, in ban da ranar da na huda zanen zumuntar matan coci na kakata. Sai Kaka ya zauna yana ba da oda kamar a fareti.

"Shaho da tara! Zabo da shebur! Shaho! Na ce shaho, wannan ai agwagwa ce!"

Tsayi dai ya zo hannu. In na so ta taɓa gajimare, in na so ta aske kan dawa. Amma ribas shiru. Duk wadda ta sauka sai ta ci gaba da gudu kamar an aike ta Ribah. Kaka ya gyara mini riƙo, ya gyara tsayuwa, ya sa na rage ƙarfi, ya sa na ƙara. A banza. Wata rana na ji yana magana shi kaɗai, a hankali: "Ko dai ban gani daidai ba ne?" Wannan ta fi zagin mai burukutu zafi.

Akuya ce ta cece mu. Na jingine shebur a jikin kujerarsa na tafi tsintar ƙwallaye, na dawo na tarar da akuyar kakata ta lumshe ido tana lasar kan sandar kamar ta samu gishiri. Kaka na kallonta. Ya kore ta, ya miƙa hannun hagu, karo na farko tun da ya kwanta, ya ɗauki sandar. Ya shafa fuskar da babban yatsa. Ya kai hanci.

"Kurtu."

"Na'am, ranka ya daɗe."

"Wannan miya za mu yi da ita?"

Na ce tsatsa na gani. Na ce kullum da safe nakan ƙara mata kaɗan don kada ta bushe. Ya dube ni, ya dubi sama, ya ce da a bariki ne da na yi tsallen kwaɗo daga nan har Wasagu. Sannan ya nuna mini layukan da farce. Ya ce waɗannan haƙoran sandar ne. Su ke cizon ƙwallo su murza ta, ta tafi gaba tana juyawa baya, shi ya sa in ta taɓa ƙasa take tirjewa. Ni kuwa na cika mata baki da mai, ƙwallo na zamewa a kai kamar ƙafa a bakin rijiya.

Shi da kansa ya wanke ta. Ya sa aka kawo ruwan zafi da toka, ya matse sandar tsakanin gwiwoyinsa, ya riƙa bin layukan ɗaya bayan ɗaya da ƙusa. Da hagu ya fara. Can na ga hannun daman ya taso daga cinya ya riƙe ƙotar, yana rawa amma ya riƙe. Na yi kamar ban gani ba. Kakata kuwa sai ranar ta gano inda man kaɗanyarta ke tafiya, bayan ta gama zargin ɓeraye da surukarta.

Muka kuma bar filin tsakuwa, don Kaka ya ce ko ogansa ba zai tsayar da ƙwallo a kan marmara ba. Muka koma gangaren filin firamare, inda tumaki suka aske ciyawa ƙasa-ƙasa kuma ruwa ya tausasa wurin. Ya sa nake goge ƙwallo da fuskar sanda a wandona kafin kowane bugu, don jiƙaƙƙiyar ciyawa ma in ta shiga tsakani aikin mai take yi. Nan take abu ya canza. Ƙwallo ta sauka, ta yi tsalle ɗaya, ta tsaya cak kamar sojan da aka ce wa ya ƙame. Amma baya dai ba ta komo ba. Ga hutun makaranta ya kusa ƙarewa, ga damina ta fara naɗe kayanta. In ƙasa ta bushe, sai baɗi.

Sai na yi abin da na fi iyawa. Na je rumfar albasa na durƙusa na gaida Baba Kofur, na ce ranar Asabar da la'asar za a nuna ribas a filin firamare.

"Yaro, ka bar kakanka ya huta. Kada ka ja mashi abin kunya."

"Ai shi ma haka ya ce, Baba. Ya ce kada in gaya maka, wai tsoro zai hana ka zuwa."

Ya ajiye albasar da ke hannunsa. "Mi yac ce?"

Na dawo gida na gaya wa Kaka cewa Baba Kofur ya ce ko a mota aka ɗauko shi ba zai iya zuwa fili ba. Kaka ya sa aka goge masa takalmin coci tun ranar Alhamis.

Asabar da safe aka yi yayyafi, rana ta fito ta busar da kan ciyawa. Kafin la'asar sakaliya filin ya cika. Majalisa gaba ɗaya ta taso da bencinta, mai shayi ya biyo su da butarsa, 'yan acaɓa suka jera babura, matan da suka taso daga koyon waƙa a coci suka tsaya da kayan kiɗansu, har mai burukutu ta zo, ta ce tana so ta ga inda za ta faɗa wannan karon. Baba Kofur ya je can gangare ya tsaya kusa da inda ƙwallo za ta sauka, hannu a baya. Kaka na kan kujera a gefena. Iska na busowa daga wajensu zuwa fuskata.

Bugun farko na manta da sara. Na koma kwasar tuwo. Ƙwallo ta fita a ƙasa ta nufi benci, tsofaffin da suka ce sun yi yaƙi ba su taɓa gudu ba suka watse kamar kaji. Aka yi dariya har da masu faɗuwa.

Na biyu na ce bari in burge su da shaho. Ta hau, ta hau, iska ta tare ta a can sama ta riƙe, ta sako ta a tsaye cikin wani ɗan taɓo tun ba ta kai rabin hanya ba. Ta nutse, sai ɗan farin kanta. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Daga gangare na ji muryar nan ta shan magani.

"To, madalla. Ai ta yi ƙoƙari, Saje. Mun gani. A kai shi gida ya huta."

Kujera ta yi ƙara a gefena. Kaka ya miƙe. Ya sa hannu a aljihu ya fito da wata tsohuwar ƙwallo da ta koma ruwan ƙwai, wadda bai taɓa ba ni ba, mai taushin fata har farce na kama ta. Ya jefa ta gabana a kan busasshen wuri. Sannan ya buɗe murya, muryar fareti, wadda na tabbata an ji ta a bariki, kuma ko kalma ɗaya ba ta ɓace ba.

"Kurtu! Goge sanda! Shebur, amma zabo! Ƙwallo ƙafar dama, hannu gaba, nauyi hagu! Kada ka kalli kowa, gonar ubanka ce! Sara!"

Na sara.

"Tas!" Ɓawon ƙasa ya tashi gabana kamar tafin takalmi. Ƙwallon ta fita ƙasa-ƙasa tana huci, ta huda iskar, ta ɗan ɗaga kai a ƙarshe, ta sauka gaban Baba Kofur. Ta yi tsalle ɗaya gajere. Ta tsaya tana murzawa a wuri ɗaya. Sannan, a gaban majalisa da 'yan acaɓa da mawaƙan coci da tumaki, ta komo.

Abin da ya biyo baya ban iya tsara shi. Mata suka saki guɗa suka hau kiɗa, 'yan acaɓa suka danne ham, mai shayi ya rungume mai burukutu sannan su biyun suka tuna suka saki juna. Wani tsoho ya ƙame ya sara mini irin ta soja, ni ɗan aji uku. Ni kuwa na zagaya filin da shebur a sama, kuma a makaranta na ba da labarin cewa ƙwallon ta taho da baya tun daga gangare har ta tsaya a kan takalmina, na sunkuya na sa ta aljihu. Zuwa ƙarshen zango ta fara tsayawa a hanya tana gaida mutane.

Kaka bai yi ihu ba. Ya taka har gangare da ƙafarsa, ba wanda ya riƙe shi, mutane na buɗa masa hanya. Baba Kofur na tsugune. Ga ɗan ramin da ƙwallon ta yi inda ta fara sauka, ga ita kanta a bayan ramin, ta wajenmu. Ya duba ramin, ya duba ƙwallon, ya kwantar da kunci a ƙasa ya leƙa filin ta gefe. Ya daɗe a haka. Sannan ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa, fuska a murtuke.

"Wurin ga gangare ne."

"Gangare?" in ji Kaka. "Gangaren ta wajenka ya yi, makaho! Hawa ta yi!"

"To iska ce ta turo ta. Kowa ya ji iska."

"Iska a cikin ciyawa? Kai dai kicin ya cinye maka ƙwaƙwalwa!"

"Ni za ka gaya wa? Tsohon maƙaryaci, ka koya wa jikanka rufa-ido!"

Suna ta yi har aka kira magariba, Baba Kofur ya tafi masallaci yana waiwaye yana ƙarasa zance.

Tafin hannu ɗaya ta komo, an auna da hannun mai shayi. Ban sake samun ta yi ba a wannan daminar, ko sau ɗaya. Baba Kofur bai yarda ba har yau. Washegari bayan an taso coci Kaka ya ci abinci, la'asar na yi ya ɗauki kujerarsa da kansa ya tafi gindin mangwaro.